Sallama a Ƙofar Ɗakinmu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shirun nawa ya yi yawa, har wasu suna tambaya ko an kama ni an mayar Najeriya. Ba a kama ni ba. Jinya na yi, kuma na ga gara ku ji daga bakina.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Rabi mai gyaran amare a unguwar Sa'alaba. Umara ta kawo ni Jidda, ban koma ba. Dilka, halawa, turaren tsuguno, da su nake ci nake sha. Amarya ta zo tana ƙunshe-ƙunshe, wai tana da tumbi, wai ƙirjinta ya zube, in ce ke tafi can, buɗe mu gani, angon ba awo zai zo yi ba. In koya mata son jikinta, in ce ta faɗa wa mijinta abin da take so, tunda halalinta ne. Da bakin nan nawa na yi suna.

Mijina Haruna ne ya fara jin abin, da hannunsa. Wani ƙullutu a maman hagu, kamar ƙwallon dabino. Ya ce mu je asibiti, na ƙi.

Shi yana da iƙama, takardar izinin zama, ni ba ni da ita. Duk wadda ke zaune ba takarda ta san tsoron nan, ko motar 'yan sanda ta hango sai ta sauya hanya. Na koma shafa man habbatus sauda, ina gasawa da tawul. Abu ya ci gaba da girma, har kan maman ya shige ciki.

Wata Balarabiya da na gyara wa 'ya'ya ce ta tsaya mini a asibitin kuɗi. Aka yi hoto, aka soka allura aka ɗebi tsoka, aka ce mu jira. Jiran nan ya fi allurar zafi.

Likitar, wata Bamisriya, ta dube ni ta ce, "Me kika tsaya yi? Da kin zo da wuri, da ƙullutun kaɗai za mu cire."

Kansar mama ce. Aka cire na hagun gaba ɗaya.

Sai ƙarin ruwan da suke kira kimawi. Amai, gashi ya zube har gira, farce ya yi baƙi, ruwa ma ɗanɗanon ƙarfe yake yi mini. Awarwarona na zinare duk sun tafi, Haruna ya haɗa aikin sito biyu a unguwar masana'antu.

Ba zan ci haƙƙin bawan Allahn nan ba. Shi ya kwashe amaina, ya yi girki, ya kai ɗanmu Faisal makaranta. Ranar da aka ce gwaji ya fito lafiya, a gaban mutane ya yi sujada.

Na warke, in ji likita.

A waje babu wanda ya sani. Abaya ta rufa asiri, in cusa safa a rigar mama in fita. A cikin gida ne abin yake.

Haruna da ke faɗo mini ɗaki ba sallama, ya kama ni ina shafa mai, ya ce 'yar duma-dumata, yanzu sai ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakinmu, ya yi sallama, ya jira izini. Ya koma kirana Maman Faisal. In ina sauya kaya, sai ya sunkuyar da kai kamar ya ga matar wani.

Na kai kuka wurin Khala Zainaba, dattijuwar da ta riƙe ni tun zuwana, haifaffiyar nan. Ta ce, "Halas, ya binti, ya isa haka, 'yata. Kina da rai, mijinki bai guje ki ba. Me kuma kike nema?"

Ta yaya zan ce mata so nake a yi sha'awata?

Wata Juma'a na tura Faisal gidanta. Na yi wa kaina duk abin da nake yi wa amare, na murje jiki da dilka, na tsuguna a kan turare har ɗaki ya ɗauka. Na tsaya gaban madubi na kalli tabon sosai, karo na farko. Dogon layi ne, a shafe. Na faɗa wa kaina irin maganar da nake faɗa wa 'yan mata, wallahi ban yarda da ko ɗaya ba.

Da Haruna ya dawo daga masallaci ya yi sallamarsa, na ce shigo. Ban rufe komai ba.

Na ce, "Haruna, dube ni."

Ya duba. Idonsa ya ciko. Ya ɗauko zane a kan gado, ya rufa mini a hankali, ya ce, "Kada sanyin esi ya kama ki. Allah ya ƙara sauƙi."

Ban taɓa jin addu'ar da ta yi mini ciwo kamar wannan ba. Ba mugunta ya yi ba, shi ya sa ma na rasa wanda zan yi fushi da shi.

Na koma aiki. Hannuna bai manta ba, amma bakin ya mutu. In amarya ta ce tana kunyar jikinta, sai in ce Allah ya sa albarka, in ci gaba da murza.

Na gode wa Allah da ya bar ni da rai. Na gode wa matar da ta tsaya mini, da Khala, da Haruna, da ku da kuka yi cigiyata.

Mata, ku riƙa taɓa ƙirjinku in kuna wanka. In kin ji ƙullutu ki tafi asibiti, da takarda ko babu, nemi mai tsaya miki. Tsoron kame ne ya ci mini mama.

Maza kuma, in matarku ta tashi daga irin wannan jinya, magani da addu'a ba su isa ba. Ku kira ta da sunan da kuka saba.

Ni dai har yau ina turara ɗaki duk Juma'a, ina sauraron ranar da Haruna zai manta ya shigo ba sallama.