Tsamiyar Tana Hagu

Shekarun baya, lokacin da yanar ido ta rufe wa mahaifiyata gani, na yi wani aiki da ban taɓa zaton zan yi ba: na zama mai ba da labarin wasan talabijin. Wanda ya san ni zai yi dariya. Ni ne mutumin da zai wuni a gonar albasa tare da abokin aiki, in ban da gaisuwa da "miƙo tiyo" ba zai ji komai daga bakina ba.

Muna zaune kusa da Rimawa, a wurin da aka ba mu bayan an tare ruwa. Tsohon garinmu yana ƙarƙashin dam, ina yaro muka taso daga can. Mahaifina ya rasu. Matata ta rasu wurin haihuwa, ita da abin da ke cikinta. Ƙannena maza sun watse neman abinci. Gidan ya rage mu uku: ni, Inna, da autarmu mace.

Ni ne ɗan fari, kuma kun san yadda abin yake a wurinmu. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta kallon fuskata, ba ta zama hira da ni. Ko ina tsaye a gabanta, ƙanwata za ta juya wa ta ce, "Gaya ma wancan tuwonai na nan rufe." Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka ta tarar ana yi. Ni ma haka na tashi. In na shigo in durƙusa daga nesa in gaishe ta, ta amsa tana kallon bango, in tashi in fita.

Da idon ya fara tafiya, wani ƙanena da ke Sakkwato ya aiko da ƙaramin talabijin da batir da sola. Na ce ina amfanin talabijin ga wadda ba ta gani? Ashe ban sani ba. Akwai wani wasa mai dogon zango da ake sakawa bayan la'asar, na wani attajiri da 'ya'yansa ke rigimar gado tun yana da rai. Inna tana jin maganar da kunnenta, ƙanwata kuma tana zaune gefenta tana zuba mata abin da ido ke gani. Yarinyar nan baki gare ta. Launin zane, ɗaurin kallabi, hararar da wance ta yi wa wane, ba abin da take bari. In na dawo daga fadama sai in ji dariyar Inna tun daga zaure.

Ni kuwa ra'ayina a kan wasan ɗaya ne, kuma ban ɓoye shi ba: ƙarya ce. Mutum ya tashi daga barci da riga a goge. Ba mai ɗebo ruwa, ba mai zuwa gona, amma kullum ana cin kaza. Matsalar da dattijo ɗaya zai kashe a zama guda sai su ja ta har damina ta wuce. Abokina da muke haɗa injin ban ruwa yana cewa, "Kai dai ba ka san daɗin duniya ba." Ni kuma in ce masa ya ja igiyar inji ya bar ni.

Sai ƙanwata ta yi aure, aka kai ta Maikujera.

Akwai maƙwabciyarmu, tsohuwar ƙawar Inna, da kan shigo kallo in gwiwarta ta bar ta. Amma ita ba ta ba da labari, zagi take. "Kai, la'ananne! Dube shi, da kai kamar tulu!" Inna ta tambaye ta wa ke nan, ta ce, "Wanga ɗan banza mana." Ba a ƙaru da komai ba. Saboda haka abin ya faɗo kaina. Na riƙa barin gona da wuri, in kunna, in zauna a bakin ƙofa can nesa da tabarmarta.

Ranar farko ga yadda muka yi. Maganar 'yan wasa ta tsaya, kiɗa ya tashi. Inna ta ce, ba da ni take ba, da iska take, "Mi ka faruwa?"

Na ce, "Ta shigo."

"Wa?"

"Matar nan."

"Wace?"

"Mai kuka."

"Ai duk kuka su kai."

Na mayar da ido kan talabijin. Haka muka ƙare.

Muka ɗan jima a haka. Labarina bai wuce ta shigo, ya fita, sun zauna, mota ta tsaya. Rannan ana cikin wasa ta ce da maƙwabciya, "Wanga wasa ya lalace. Da can yana da daɗi, yanzu ba komi cikinai. A kai ma yarinya akwatin nan can gidanta." Maƙwabciya ta ce ita ma ta lura, tun da aka kashe direban attajirin abin ya zama shirme. Ni har na ji daɗi a raina. Na ce yau dai an dawo kan maganata.

Amma daga ranar Inna ta daina fitowa tsakar gida. La'asar ta yi, tana ɗaki. Furar da aka dama mata da safe, in dawo in tarar da ita ta tsinke a kwano. Ba ta ciwo, ba ta ƙorafi. Ta dai kwanta ta juya wa ƙofa baya. Na taɓa ganin irin wannan kwanciya wurin mahaifina, kuma na san inda ta kai shi. Na ji tsoro, ni da nake ganin tsoro ya gama fita daga jikina.

Na kira ƙanwata a waya na gaya mata. Na ce wasan ne ya lalace, ko akwai wani da za a saka mata? Ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri da abin da zan ce. Nan ma muna kallonai, wasa lafiya lau yake. Kai ne ba ka gaya mata komi. Inna ba ta da ido sai bakinka."

Ba wanda ya taɓa gaya mini magana mai nauyin wannan, kuma yarinyar da na goya ce ta faɗa.

Washegari na kunna, na ƙara murya yadda za ta ji daga ɗaki. Can sai ga ta tana lalube da bango, ta zauna. Na matso kaɗan. Na yi niyyar in yi yadda ƙanwata ke yi, amma da na dubi gilashin talabijin sai na rasa ta inda zan kama. Gidan bene ne, da kujeru masu sheƙi, da wasu fitilu da ke reto daga sama. Ban san sunan ko ɗaya ba. Ban yi boko ba, ban taɓa shiga irin gidan ba. Aka nuno uwar attajirin, tsohuwa, tana zaune ita kaɗai, kiɗa na tashi a hankali.

"Mi ka faruwa?"

Na buɗe baki, abin da na sani shi ya fito. Na ce, "Tsohuwar tana zaune tsakar gida. Ƙarƙashin tsamiya."

Inna ta ɗago kai. "Tsamiya?"

"Awo. Babba. Akwai turmi jingine da ita, bakinsa ya tsage, an ɗaure shi da fata."

Na ji kamar na yi sata. Sai ta ce, "Sai mi?"

Na ci gaba. Na sa rumbun gero a bayan tsohuwar. Na sa kalwa a shanye kan tabarma, da kaza mai wuyan tsirara tana zagaye ta. Na sa jaki ɗaure a turke yana kaɗa kunne. Gidanmu na tsohon gari na ɗauko daga ƙarƙashin ruwa, ɗaki bayan ɗaki, na zuba attajiri da 'ya'yansa a ciki. Maganarsu tasu ce, Inna na ji da kunnenta. Wurin zama kuwa nawa ne. In babban ɗan ya fita a fusace ya buga ƙofar mota, ni a wurina ƙyauren kara ya ture, ya bi ta hanyar rijiya.

Ran nan ta shanye furarta.

Kafin wani lokaci na zama gwani, ko dai in ce na zama maƙaryaci mai lasisi. Ina ban ruwa ina tuno abubuwa: inda mahaifina ke shimfiɗa buzunsa, ramin da muke gasa gyaɗa, gindin zogalen da akuya ta hana girma. Abokina ya lura ina sauri in kashe inji da la'asar. Ya ce, "Ina za ka, mai gidan talabijin? An ce yau za a raba gado, kar a yi ba kai." Mutanen fadama suka yi ta dariya. Na naɗe tiyona na wuce. Wani gefen albasata bai sha ruwa yadda ya kamata ba a shekarar, ya yi ƙanana. Ban damu ba.

Wata rana na ce tsohuwar ta tashi ta nufi tsamiya, nan hannun dama da ƙofa. Inna ta ce, "Dama?"

"Awo."

"Duba da kyau."

Na dubi gilashi. Wata mata ce ke saukowa daga matakala da takalmi mai tsini. Na ce, "Hagu ta."

"Tau," in ji ta. "Hagu ta. Rumbu ad dama."

Nan na gane ta sani. Tun ranar farko ta sani. Daga wannan rana sai ta riƙa gyara mini. Wai rijiyar ba ta kai nisan da nake faɗi ba, ƙafata ce ƙarama a lokacin. Wai jakin ba fari ba ne, toka-toka ne, kuma ya taɓa cizon wani yaro mai taurin kai da ya ja masa wutsiya. Ba ta ce ni ne yaron ba. Tabon yana nan a kafaɗata. Shekara da shekaru ba mu yi hira ba, sai ga mu muna yi, kowa na fuskantar talabijin.

Maƙwabciya ce ta kusa ɓata mana. Ta shigo ran nan ta ji ina zancen tsamiya, ta saki baki. "Wace tsamiya? Kai, ji tsoron Allah! Gidan sama na fa, da fanka!" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Inna ko gezau. Ta ce, "Ke kalli naki da idonki. Ni a bar ni da nawa." Maƙwabciya ta yi tsaki ta ce gidan nan duk an haukace, ta koma zagin babban ɗan attajiri.

Bayan an kwashe albasa muka ji labarin likitocin ido sun zo Wurno suna aiki. Na ɗauki Inna a mota muka je. Aka yi mata ido ɗaya, ɗayan suka ce ya riga ya wuce gyara. Da aka cire auduga ta ga hannunta, ta yi ta juya shi tana hamdala. Muka dawo gida, mata suka cika tsakar gida da barka.

Ni kuwa, in faɗi gaskiya, murnata da ɗan nauyi a ciki. Na san aikina ya ƙare. Mai ido ba ya neman mai gaya masa.

Ranar wasa na kunna mata, na koma bakin ƙofa inda nake zama da can. Ta matsa kusa da gilashi, ta ƙura ido ɗayan nan. Ta ga benen, ta ga kujerun, ta ga fitilun. Ta ga tsohuwar da muka daɗe muna zaunar da ita gindin tsamiya, ashe hoda ce aka shafa wa wata yarinya a gira. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Ashe haka abin yake? Wanga ai ba wasa ba ne. Ko kaza babu."

Sai ta juyo. Ta dube ni, ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na yi wayo. Ba ta yi sauri ba. Ta dubi goshina, ta dubi gemuna. Ta ce, "Ashe ka yi hurhura."

Na sunkuyar da kai.

Ta gyara zama, ta jingina da bango, ta rufe idon da muka je har Wurno aka buɗe. Ta buga tabarma gefenta da tafin hannu.

"Matso. Mi ka faruwa?"

Mun yi shekaru muna haka kafin Allah ya karɓi abinsa. Wasan attajiri ya ƙare, aka sako wani, aka sake sako wani. Duk a gidanmu aka yi su.

Yanzu ina ganin yadda kuke gardama a kan wasannin talabijin, wannan ya ce wasannin yanzu ba su da ma'ana, wancan ya ce na da sun fi. Ba na sa baki. Har gobe ina ganin yawancinsu ƙarya ce, kuma ana jan su fiye da kima. Amma na daina raina mai kallo, don ban san da wa yake zaune ba, ban san kuma abin da yake gani a ciki ba. Ni dai mafi kyawun wasan da na taɓa kallo, ban fahimci rabin labarinsa ba, ko sunan attajirin na manta.

Wani lokaci in rani ya yi tsanani ruwan dam ya ja baya, masunta kan ce suna ganin kan wani busasshen icce a wajen tsohon garinmu. Abokina ya ce in zo mu shiga jirgi in gani ko tsamiyarmu ce. Ban je ba. Na san inda take. Tana hagu da ƙofa.