Randar Ƙarshe ta Kaka Dije

Ranar wata Alhamis ce cikin watan Satumba, shekarar da nake aji biyar na firamare, ruwan kogin Kwara ya shigo gidanmu da hantsi. Bai zo da ƙarfi ba da farko. Ta wuriyar da muke zubar da ruwan wanke-wanke ya fara shigowa, ɗauke da karmami da kashin awaki, har ni da ƙanena Sanda muka tsaya muna kallo muna dariya. Kafin Inna ta sauke tukunyar kunu ya kashe wutar murhu, kafin azahar ya kai mini ƙugu. Garinmu 'yar tunga ce a bakin kogi, tsakanin Bagudo da iyakar Benin, kuma mun saba ruwa ya ci fadama ya koma, amma ranar bai tsaya a fadama ba. Baba ya kawo kwalekwale har ƙofar gida, ya goyo mahaifiyarsa, Kaka Dije, a baya. Tana dukan kafaɗarsa tana cewa, "Aje ni, Umaru! Irina na can ƙarƙashin rumbu!" Ba mu wuce masallaci ba muka ji rumbun ya zube cikin ruwa.

Wanda bai san gidanmu ba zai ɗauka irin gero take wa kuka. Kaka maginiyar tukwane ce, abin da take kira iri kuwa tsingaro ne cike da wani tsohon kwando. Duk mai ginin tukunya ta san yumɓu zalla ba ya jure wuta, sai an daka fasassun tukwane an tankaɗe an cuɗa a ciki. Sauran mata kowane tsingaro suka tsinta a bola sukan daka. Kaka ba ta taɓa sa na wani hannu ba. Nata sai wanda ya fito daga tukunyar da ita ta gina, ko uwarta, ko kakarta. Idan randarta ta fashe a gidan wani, ko a can garin Lolo ne, sai ta aika a kwaso mata, mutane suna yi mata dariya suna cewa tsohuwa tana karɓar gaisuwar tukunya. Ita ko a jikinta.

Dalilin yana cikin tarihin garin. Kakanninmu daga ƙetare suka zo, daga wani gari da yau yake cikin ƙasar Benin, tun ba a ja iyaka tsakani ba. Yunwa ce ta koro su, suka biyo kogi. Wata mace a cikinsu ta riƙo tulu guda na yumɓun garinsu, da suka sauka a gaɓa tulun ya suɓuce ya fashe. Maimakon ta zubar, sai ta dake shi ta cuɗa cikin laka ta sabon wuri, ta gina wani. Tun daga ranar kowace tukunya ta gidanmu tana ɗauke da ta gabanta, har a koma ga wancan tulu. A wuyan kowacce kuma akwai zane. Kaka takan mirgina igiyar kaba a kan ɗanyen yumɓu ta fitar da layi mai lanƙwasa, wato kogi. A samansa ta ɗiga ɗigo-ɗigo da tsinke, gidajen da suka ƙetaro ke nan, tana ɗigawa tana kiran sunayensu da Dendanci, harshen kakanninmu. Garinmu ba shi da ganuwa, ba shi da tsohon soro. Abin da muke da shi na da yana wuyan randa.

Ni ce 'yar aikinta, domin a jikokinta mata ni kaɗai na rage a gida. In na dawo makaranta na ɗebo ruwa, na share wurin awaki, sai in zauna dakan tsingaro har tafin hannuna ya yi kanta. Ni nake taka laka da ƙafa, ni nake tara kashin shanu da ƙaiƙayin shinkafa na gashin tukwane. Ina jin ƙawayena suna gaɗa a dandali, ko suna carafke a gindin tsamiya, ina daka ina ƙunƙuni. Takan ce, "Kulu, bakinki ya hi hannunki aiki." Duk da haka ina son aikin, musamman ranar buɗe gashi, in ta ƙwanƙwasa randa da yatsa ta kasa kunne. A wannan shekarar ta yi mini alkawari cewa in an gama girbi za ta sa hannuna a ginin kansa, in daina zama 'yar daka. Kasuwa ta riga ta ja baya a lokacin, robobi da jarkoki sun cika kasuwar Dole Kaina, gidaje da yawa sun daina sayen randa, amma wannan bai hana ni ƙosawa girbi ya zo ba.

Makarantarmu tana kan tudu, can aka kwashe garin gaba ɗaya. Ajin da nake zama ina koyon lissafi shi ya zama ɗakinmu, mu da wasu gidaje, an raba da zannuwa da tabarmi. Filin da muke fareti ya cika da awaki da murhun duwatsu. Daga tagar ajin muna hango garin, rufin kwano nan da can, sauran duk ruwa. Gonar shinkafarmu ta tafi, geron da ke rumbu ya tafi. Abinci guda aka tsira da shi daga gidanmu, geron da ke cikin wata babbar randa da Inna ta sa maza suka ɗora a kwalekwale. Ita don geron ta ɗauko ta. Da Kaka ta ga randar a kusurwar aji, ta rarrafa ta shafa wuyanta. Ginin uwarta ce.

Washegari ta aike ni in zagaya azuzuwa in duba wuyan kowace tukunya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina ɗaga murafe, mata suna korata suna cewa abinci nake leƙe. Wanda ruwa ya kora ba ya ɗaukar abu mai nauyi. Jarka na gani, da bokiti, da tukwanen ƙarfe. Ko tulu ɗaya mai zanen kogi ban samu ba. Da ruwa ya fara ja, na riƙa bin Baba cikin gari ina tona laka da hannu a inda rumbunmu yake, ƙaya tana sukata, ina kuka ina tonawa. Katangun gidaje sun narke sun haɗe, ba ka gane tsakar gidan wani da ta wani. Duk tsingaron da na tsinto na wanke na kai mata, sai ta juya shi, ta ɗanɗana da harshe, ta girgiza kai. Wanda ba shi da wuya ba ta da hanyar shaida shi, ba za ta kuma gina tarihin garin a kan wataƙila ba.

Sai na kawo shawarar da nake ganin kowa ya kasa gani. Na ce tunda ga randa, a ɓalli ɗan bakinta da dutse, a daka, a fara. Kaka ta dube ni kamar na ce a yanka Sanda. Ta ce, "Ba a kashe tukunya, ɗiyata. Sai ta mutu don kanta, kana ta zama iri." Haka ta tarar, haka za ta bari. Na yi magiya, na ce randar nan ta girmi Baba kuma ko tsagewa ba ta yi ba, sai yaushe ke nan? Ta ce mu jira. Ni kuwa na ga abin da take ƙin gani: tun ranar da aka goyo ta ba ta ƙara miƙewa sosai ba. Zazzaɓi ya kama ta, sannan gudawa irin wadda ta bi azuzuwan tana ɗaukar yara da tsofaffi. Na koma ina addu'a abin kunya, Allah ya sa akuya ta ture randar, ko yaro ya faɗa mata da gudu. Yaran kuwa duk sun yi laushi, ba mai gudu.

Kaka ta rasu da safiyar wata Litinin, kanta a kan cinyar Inna. Ban gama fahimtar abin da ya faru ba na ga Baba ya shigo da maza biyu, suna juye sauran geron a buhu. A garinmu da katangar tukwane, wato manyan tsingaro, ake rufe cikin kabari kafin a tura ƙasa, don kada ta taɓa mamaci. A da ba a rasa su, kowane gida yana da tsofaffin tukwane a bayan ɗaki. Yanzu ruwa ya tafi da su, itace ya jiƙe ya yi wuyar samu, an kuma yi ta binne mutane a makonnin nan har ɗan abin da aka samu ya ƙare. Randar nan ce kaɗai.

Na rungume ta. Ban san ina da ƙarfi haka ba, sai da Inna ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Ina ihu ina cewa in sun tafi da ita shi ke nan, ba sauran iri a duniya. Inna ta riƙe ni ta ce in yi shiru in saurara: randar da aka fasa don kabarin mai ita ba kashe ta aka yi ba, tare suka mutu, saboda haka abin da ya ragu halal ne ya zama iri. Ban san ko ta taɓa jin haka ba ko a take ta ƙirƙira don ni. Mata ba sa zuwa maƙabarta, a can kuma za a fasa ta gwargwadon ramin. Na bi Baba har bakin filin makaranta na kama rigarsa, na nuna masa farcen babban yatsana, na ce ko tsingaro kamar wannan ne ya kawo mini. Ya ce to.

Na zauna a dakalin aji ina kallon hanya. Mata suna shiga suna fita gaisuwa, an miƙo mini kunu na ture. A zaune a wurin har na gama tsara komai: inda zan samo yumɓu in ƙasa ta sha iska, wadda zan roƙa ta nuna mini yadda ake tayar da wuya, sunayen gidajen da na haddace da waɗanda zan tambayi tsofaffi. Da rana ta take, maza suka dawo, ƙafafunsu duk laka. Baba bai shiga wurin zaman makoki ba, kai tsaye ya zo ya tsuguna a gabana, abin da bai taɓa yi ba. Na miƙa hannu.

Ya ce, "Na tuna, Kulu. Wallahi na tuna, har na sa shi ga aljihu. Da munka jera, sai ga wata 'yar kahwa daidai huskatta, ƙasa na zurara. Shi ɗai ad daidai wurin."

Ban yi kuka a lokacin ba. Na dubi hannunsa, na dubi idonsa da ya yi ja, na rasa wanda zan yi wa fushi. Da ni ce a bakin ramin, da abin da zan yi ke nan.

Yau garin ya sake tashi, an matsa shi sama kusa da makaranta, gidajen bulo ne da kwano, kuma kusan kowane gida da jarkokinsa. Ni aure ya kai ni Bagudo, 'ya'yana a can suka girma. Sun san labarin ƙetarowa domin na ba su, amma labari ne kawai a wurinsu, ba su taɓa shan ruwa daga cikinsa ba. Akwai wata mata a wata tunga gaba da tamu da har yanzu take gini, tana daka duk tsingaron da ta samu, hannunta kuma yana da kyau. In na je gida nakan saya, ina da randarta guda a gindin darbejiyar tsakar gidana. Baƙi suna sha suna yaba sanyin ruwan, kuma gaskiya suka faɗa. Ni ce dai na san abin da babu a cikinta.