Ba a Ce Wane Jirgi Ba

Duk wanda ya taɓa ƙetare kogin Haɗeja da damina ya san Shu'ibu Direba. Ba don ya taɓa tuƙa mota ba, ina! Mutumin da ko jaki sai an riƙe masa. Kwalekwale yake tuƙawa, kamar ubansa Baba Kolo, kamar kakansa da ya taso daga wajen Chadi da sandar tuƙi ya kafa fito a mashigin nan.

Gidan suna da al'ada. Ranar suna, kafin a yi wa jariri aski, babban gida zai kwantar da shi cikin jirgi ya ce, "Abincinka a jirgi yake." An yi wa Shu'ibu, an ce har fitsari ya tsula a ciki, jama'a suka ce ya amsa. Suna kuma da ƙa'idar da ta fi wannan nauyi: muddin akwai ruwa, dole a ga namijin gidan a mashigi. Ranar da aka rasa, Sarkin Ruwa ya miƙa wa wani gida mashigin, an gama. Baba Kolo kuwa 'ya'ya mata Allah ya yi ta ba shi, Shu'ibu kaɗai ne namiji.

Yana saurayi Turawa suka shimfiɗa layin dogo ta Malam Madori zuwa Nguru. Ya taka da ƙafa ya je kallo. Ya ga wani baƙin abu yana huci yana jan taragu, ya tambayi sunansa, aka ce masa jirgi. Jirgi! Ya juyo gida ko ruwa bai tsaya sha ba.

"Baba, ranar sunana me aka ce?"

"Abincinka a jirgi."

"To, ai ba a ce wane jirgi ba."

Baba Kolo na toshe ɓarakar kwalekwale da tsumma, ko ɗagowa bai yi ba. "Jirgin da ba ya taɓa ruwa? Wannan ai tukunya ce aka yi wa ƙafa. Amma ban hana ka ba. Bari ruwa ya janye ka tafi."

Tsoho da wayo! Reluwe da farkon kaka take ɗibar leburori saboda lodin gyaɗa, lokacin kogi bai sauka ba. Da ruwa ya janye Shu'ibu ya je tasha da 'yar jakarsa, helma, shugaban leburori, ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kana ina da kaka?" Ya dawo. Baɗi ma haka, wata baɗin ma haka.

Abin dariyar, jirgin ƙasan da yake mutuwar so shi ya ƙara ɗaure shi. Ƙauyukan ƙetare suka rungumi noman gyaɗa, kuma kowane buhu sai ya bi ta mashigin Baba Kolo kafin ya ga tasha. Kwalekwale ɗaya ya zama biyu, aka sassaƙo na uku mai faɗin da ke ɗaukar jaki da kayansa, aka ɗauki barori. Aka aura masa Hajo, ta haifi Ari, aka kwantar da shi a jirgi. Baba Kolo ya rasu da damina, ruwa cike, sai ka ce da gangan ya zaɓi lokacin.

Daga nan Shu'ibu ya zama babban gida. Gida ya yi soro, shi kuwa iyakar tafiyarsa wannan gaɓa zuwa waccan. In zai tura jirgi sai ya haɗa hannu a baki ya yi kukan jirgin ƙasa, da farko da wasa, daga baya ya zama jiki. Saude mai fura, taubashiyarsa da ke zama a inuwar mashigi, ita ta laƙa masa sunan.

"Direba! Yau Kano za ka ko Nguru?"

"Lahira za ni, zo in rage miki hanya."

"Allah ya sawwaƙe. Jirginka ko hayaƙi ba ya yi, sai dai in kai ka sha taba."

Yakan yi dariya, amma in buhunan gyaɗa suka sauka yakan bi jakunan da ido har su ɓace. Buhu ma yana zuwa Kano, ban da shi.

Sai wata kaka, furfura ta fara masa, wani helma mai suna Bala ya shiga jirginsa. Ya ji kukan, ya ji labarin daga bakin Saude, wadda ba ta taɓa barin labari ya kwana ba. Ya yi dariya har hularsa ta faɗa ruwa. Da Shu'ibu ya tsamo masa ita da sanda, sai Bala ya ce, "Akwai gurbin mutum ɗaya, mai bin tarago har Kano. Gobe in ga ɗan gidanku a tasha."

Shu'ibu ya lissafa: Ari ya girma, har da gemu, ya iya ruwa fiye da shi. Ga namijin gida a mashigi, Sarkin Ruwa ba shi da ta cewa. Ya sa Hajo ta wanke masa rigar Juma'a, ya zauna a zaure yana shafa wa takalmi mai.

Sai ga Ari ya durƙusa a gabansa.

"Baba, ranar sunana me aka ce?"

Hannun Shu'ibu ya tsaya a kan takalmi.

"Na ga dai ba a ce wane jirgi ba," in ji Ari, kansa a ƙasa.

Gurbi ɗaya, mashigi ɗaya, maza biyu. Shu'ibu ya buɗe baki, ya ji maganar ubansa ta taho da kanta har bakin haƙora: bari ruwa ya janye. Ya san daɗinta, ya san yadda take aiki, ba musu ba faɗa. Ya haɗiye ta da ƙyar kamar ƙayar kifi.

"Ƙafarka ta fi tawa girma?"

"A'a, Baba."

"To ɗauki takalmin. Ka tafi tun ruwa bai janye ba."

Da safe Saude ta gan shi a jirgi da rigar Juma'a, wankakkiya fes. Ta buɗe baki za ta yi tsiya, ta dubi ƙafarsa ba takalmi, sai ta fasa, ta dama masa fura. Mu dai ba mu taɓa ganin haka ba, kafin ranar ko bayanta.

Yanzu Ari na zuwa da sallah, da wandon kaki da labarin Kano, Shu'ibu na saurare yana gyara masa sunayen tashoshin da shi bai taɓa gani ba. Bara matar Ari ta haihu, namiji, aka kawo shi gida suna. Shu'ibu ya kwantar da shi cikin babban kwalekwalen, ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce, "Abincinka a jirgi yake."

"Wanne, Direba?" in ji Saude daga inuwa.

Masu gyaɗa na ta kira daga ƙetare. Ya miƙa wa Hajo jaririn, ya ɗauki sanda.