Tasar Ruwan Batirin Baban Hadiza

A daminar bana Baban Hadiza ya cika shekara bakwai da rasuwa. Mijina ne, mun yi shekara ashirin da shida tare, kuma har yau bakina bai iya kiran sunansa ba, sai masu karatu su yi mini haƙuri. Mutanen bakin ruwa a Shagari kuwa Mai Inji suke ce masa. Jirgin ruwa mai inji yake tuƙawa, yana ƙetarar da mutane da buhuna da awaki, musamman ranar kasuwa. Ni kuma a lokacin ina koyarwa a firamare a nan Boɗinga, inda gidanmu yake. Da safe ya hau babur ya tafi, bayan la'asar ya dawo da batirin jirgin ɗaure a bayansa kamar mai goyo.

Ban taɓa ganin mutum mai tattalin batir irinsa ba. Kafin ya tambayi abinci sai ya sauke shi a kan katako, don ya ce ba a ajiye shi a ƙasa. Idan farin gari ya taru a kawunan, ya jiƙa kanwa da ruwan zafi ya wanke, ya goge, ya shafa basilin. Basilin ɗina kuwa, wanda na saya don ƙafafuna. Yana da 'yar mita da yake aunawa da ita, har ni ya koya mini, wai ko ba komai malama ce. In inji na kashe, ta nuna sha biyu da 'yan kai. In an tayar da shi, dole lambar ta hau. In ba ta hau ba, injin ba ya mayar wa batir wutar da ya ci, sai a bi waya ɗaya bayan ɗaya, a duba fis, a duba rektifaya, 'yar na'urar da ke tura wa batir caji. Na iya wannan karatun fiye da wasu darussan da nake koyarwa.

Aikina a ciki ɗaya ne, ruwa. Batiran lokacin masu murfi ne, ruwansu yana raguwa, ana ƙara musu. Shi kuma bai yarda da na kwalba da ake sayarwa a tasha ba, ya ce bai san inda aka ɗebo shi ba. Ruwan sama yake so, kuma ba wanda ya bi ta kan kwanon ɗaki ya sauko ta indararo ba. Sai an bar ruwan farko ya wuce, sannan a kafa tasa mai tsabta a kan turmi a tsakar gida, ruwa ya faɗo cikinta kai tsaye. Ni ke kafawa, ni ke tacewa da farin ƙyalle, in cika kwalabe shida waɗanda za su kai mu har wata damina. Na yi ta mita a kan wannan aiki. Nakan ce masa ko jaririn gidan nan ba a tace masa ruwa haka. Sai ya yi murmushi ya ce jariri in ya ji ba daɗi kuka yake yi, batir kuwa shiru zai yi maka a tsakiyar ruwa.

Wata shekara na yi sakaci. Na yi ta cewa gobe, gobe, har damina ta zo ƙarshe da kwalabe uku kacal a cike. Ranar da aka yi ruwan ƙarshe ina Sifawa wurin suna, tasa tana kife a madafi. Na dawo na tarar da tsakar gida a jiƙe, na jira wani hadarin, bai zo ba. Kunya ta hana ni faɗa. Na ɗebo ruwan rijiyarmu, na tace shi sau biyu, na cika sauran ukun na jera su da 'yan'uwansu. A ido ba su da bambanci, na ce a raina ruwa ai ruwa ne.

Kafin bazara batir ya fara ƙin riƙe wuta. Ina kallo ya canza rektifaya, ya sake wayoyi, ya kankare kawunan har suna ƙyalli. Mita tana nuna masa inji yana ba da caji, amma da safe batir ya tashi a mace. Ya zauna a kan tabarma yana zargin kansa, wai tsufa ya fara taɓa masa ido. Ina gefe ina tsince shinkafa.

Sai wata ranar kasuwa ragar masunta ta naɗe masa farfela a tsakiyar ruwa. Ya kashe inji ya warware ta, ya murɗa makulli, sai ƙas, shi ke nan. Jirgi cike da mata da yara, ga iska ta taso tana tura su gefe. Ya cire murfin inji ya naɗa igiya ya yi ta fizga, har igiyar ta yanke masa tafin hannu kafin injin ya kama. Kowa ya sauka lafiya. Amma an daɗe ana cewa jirgin Mai Inji ya fara wasa da rayukan mutane, shi da ba abin da yake taƙama da shi kamar a ce injinsa bai taɓa ba shi kunya ba. Ni na wanke ciwon da ruwan gishiri, na ɗaure. Hannunsa yana cikin nawa, maganar tana bakina, na haɗiye ta.

Ya sayi sabon batir. Da damina ta kusa ya shigo da wata babbar tasa fara mai bakin shuɗi, ya ce, "Malama, ga wagga, ta hi waccan hwaɗi." Na karɓa na yi godiya. Shekara huɗu bayan nan zazzaɓi na kwana biyar ya tafi da shi, ban faɗa masa ba.

Yanzu gidan ni kaɗai ce. Hadiza tana Gusau da mijinta, ƙanenta yana Kaduna, suna bugo waya in sun tuna. Na yi ritaya. La'asar ita ce ta fi yi mini wuya, don har yanzu in babur ya rage gudu a ƙofar gida sai na ɗaga kai. Jirgin katakon dai danginsa suka ɗauka, amma injin na hana. Yana ɗakinsa rataye a kan katako, na rufe shi da tsohon zane. Duk wata nakan cire filogi in ɗiga mai, in juya shi da hannu don kada ya kafe. Kuma duk damina ina kafa tasa a kan turmi, in tace, in cika kwalabe shida da babu mai buƙatarsu.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga bakin ruwa yau. Batiran yanzu a rufe suke zuwa, ba murfi, ba a ƙara musu komai, in sun mutu a yar. Wasu sun ɗora farantin sola a jirgi, fasinja suna cajin waya. Sola zai burge shi, na sani, sai ya kwance ta ya ga cikinta. Amma an ce mini masu tsofaffin batira ruwan leda suke tsiyaya musu, wannan kam da ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Rigar ruwa mai hana nutsewa da ake ta fama da mutane su sa, shi da tuni ya sa wa har awaki.

Makon jiya Malam Bello ya zo, abokinsa da suka yi shekaru suna ɗaure jirage wuri ɗaya. Karo na uku ke nan yana roƙon in sayar masa da injin, nasa ya gaji, mutanen ƙetare suna wahala. Ya zauna a zaure, ni ina daga bakin ƙofa. Ban san abin da ya kama ni ba, sai na ji ina ba shi labarin ruwan rijiya, tun daga sunan Sifawa har igiyar. Shekara goma sha ɗaya ban faɗa wa kowa ba.

Ya ce, "Malama, ai ya sani."

Na ce, "Wa ya sani?"

"Shi mana. Randa abin ga yaf faru, da munka kai batir gaɓa, yab buɗe murhi yad duba, yaɗ ɗanɗana sauran ruwan kwalba. Yac ce, Bello, wanga ruwan rijiyarmu na, ko cikin barci na san shi. Nic ce to ka yi mata magana. Yac ce a'a, shekara da shekaru tana tara mani ruwa tana mita, sau guda ta kuskure, ba ni tada mata hankali. Yac ce tasarta ta yi ƙanƙanta. Tare munka tahi kasuwa yas sayi babba."

Na shiga ciki na bar shi a zaure. Tasar tana jingine a bango, bakinta ya ɗan fashe ta gefe ɗaya. Na zauna kusa da ita na yi kukan da ban yi irinsa ba tun ranar da aka fita da shi. Na ji haushinsa ma, wallahi, da ya bar ni ina ɗauke da abin da shi tuni ya sauke. Sannan na tuna ni ma ban ba shi damar ya ce ya yafe ba.

Na ba Malam Bello injin, ban karɓi komai ba. Sharaɗina ɗaya, ya riƙa auna caji kafin ya ɗauki mutum, na haɗa masa da mitar. Ya ce batirinsa mai murfi ne, tsoho, bai iya rabuwa da shi ba. Sai na ɗauko masa kwalabe shidan. Ya aiko mini jiya cewa injin ya tashi a bugu na biyu.

Ɗakin ya yi fili yanzu, katakon da injin yake rataye ya rage shi kaɗai. Allah ya jiƙan Baban Hadiza, ya sa can ta fi masa nan. Ina rubuta wannan hadari yana haɗowa ta gabas, bari in tashi in kafa tasarsa.