Ruwan da Ya Ƙi Sauya Launi

Ko shekara nawa zan yi a duniya, makon da na sayo wa Mama maganin gwajin ruwa ba zai fita daga raina ba. Har yau in na tuna, haushin kaina nake ji.

Lokacin ina digiri na uku a kimiyyar sinadarai, ina hayar ɗaki a birnin Salford na ƙasar Turawa, a gidan wata dattijuwa 'yar Jos, nas ce da ta yi ritaya. Mama muke ce mata. Tana fama da ciwon gwiwa, kuma a shekarun nan da gwamnati ke ta tsuke bakin aljihu, aka rufe wurin ninƙaya mai ruwan ɗumi da take zuwa gasa ƙafa. Sai 'ya'yanta suka saya mata bahon ruwan zafi aka kafa a bayan gida. Ya zo da ɗan akwatin gwaji: ka ɗebi ruwa a kwalba, ka ɗiga magani, in ya koma ruwan hoda ka san kilorin ɗin da ke kashe ƙwayoyin cuta ya isa.

Maganin ya ƙare. Mama ta ce bari ta kira ƙanenta na Birmingham, wanda aikinsa kula da ruwan ninƙaya a wani gidan motsa jiki. Na ce, "Haba Mama, ni da nake wuni a ɗakin gwaje-gwaje? Ki bar mini kawai."

Na shiga intanet, kaina ya ɗau zafi. Ga na ɗigo, ga na ƙwaya, ga lamba ɗaya, ga lamba uku, wannan na kilorin, wancan na wani sinadarin daban, kowane kamfani da nasa. Akwatin yana nan ƙasa a kicin, da sunan kamfanin da lambar maganin rubuce a murfinsa, amma ƙiwa da jin kai suka hana ni sauka in duba. Na ce ai duk abu ɗaya ne, na zaɓi mafi araha.

Da ya iso na gwada, ruwa ya tsaya fari tas. Na zuba kilorin. Washegari haka, na ƙara. Kwana uku ina zubawa ina tsaki, ina zagin bahon da wanda ya ƙera shi. A rana ta huɗu launi ya ɗan nuna, na ce to yanzu ya yi.

Mama ta tsaya bakin bahon ta ce, "Ɗana, warin nan bai yi yawa ba?"

Ni kaina idona yaji yake yi, amma na ce, "Gwaji ya nuna daidai ne, Mama."

Ta yarda da ni ta shiga. Kafin la'asar fatarta ta yi jawur, ga ƙaiƙayi har ta kasa zama. Likita ya ba ta man shafawa, ya hana ta ruwan zafi sati biyu. Gwiwar ta sandare, ranar Lahadi ko coci ba ta je ba. Ba ta yi mini faɗa ba, har abinci ta ci gaba da ajiye mini, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Asabar ɗin da ta biyo Kawu, wato ƙanen nata, ya hawo jirgin ƙasa daga Birmingham. Tun daga ƙofar baya ya toshe hanci. Ya karɓi kwalbar maganin da na saya, ya juya gindinta, ya miƙo mini.

"Karanta mana, Dakta."

Wa'adinta ya wuce tuni, kuma ba ta kamfanin akwatin ba ce. Ya fito da tasa ya ɗiga. Ruwan ya yi ja, nan take ya koɗe.

"Ka gani? Kilorin ya yi yawa har yana cinye launin. Ba ka da hanci ne?"

Na fara kawo bayanin littafi. Ya miƙo mini bokiti ya ce in ajiye lacca sai Litinin. Wuni muka yi muna kwashe ruwa, ruwan sama na dukanmu, Mama na kallonmu ta taga da sandarta a hannu.

Daga ranar, in aka damƙa mini abin da ya shafi lafiyar wani, ban ƙara jin kunyar cewa ban sani ba. Wanda yake aikin da hannunsa kullum shi nake fara tambaya, domin kuskuren da na yi don kare girmana, a jikin wata ya fito.