Farin Garin Miyar Baba

Ni fa tun ranar da Baba ya tsaya cak a tsakiyar Fatiha na ce akwai hannu a ciki. Mutumin da ya haddace izu sittin, duk unguwarmu a Kontagora wurinsa ake zuwa gyaran karatu, a ce Fatiha ta kuɓuce masa? Haba! Ruwa ba ya tsami banza.

Zargina ya sauka kan matar yayana, 'yar wani ƙauye kusa da Nasko, wadda Hausar ma ba ta gama zama a bakinta ba. Ita ke yi wa Baba girki tun rasuwar Inna. Na sa mata ido. Ran nan da hantsi na leƙa madafi, sai na ga ta zaro wani ƙulli daga bayan tulu, ta barbaɗa farin gari a miyar kukar Baba, ta mayar da sauri tana waige. Tana fita na sace ƙullin.

Na kai wa ɗan kawuna da ke karatun likita, lokacin ya zo hutu. Ya lasa, ya kwashe da dariya.

"Yaya, ai farin sinadarin miya ne na kasuwa. Abin da ke cikinsa gulutamet ake ce masa. Ƙwaƙwalwa ma tana yin nata, da shi ƙwayoyinta ke aika wa juna saƙo. Kowace ƙwaya tana da 'yan ƙofofi da yake ƙwanƙwasawa, ta haka hadda ke zama. In ya yi yawa ya ƙi barin ƙofa, ƙwayar sai ta galabaita ta mutu. Amma na miya ba ya kaiwa can. Ciwon Baba daga ciki yake."

Wallahi ƙarshen maganar ta bayan kunnena ya wuce. "Ta mutu" kawai na riƙe. Har shi ma na fara tunanin ko matar yayana ta saye shi da tuwo ne.

Na tara gida, na jefa ƙullin gabanta. Ta durƙusa.

"Gwaggon yara, Baba ba ya cin miya sai da shi. Da yana lafiya ya hana, ya ce daddawa ta isa. Shi ya sa nake ɓoyewa."

Na ce ko ita ko ni a gidan nan. Yayana ba ya son hayaniya, ya ce ta je gida ta ɗan huta. Na karɓi murhu ina hura hanci.

Na yi miya ta gani ta faɗa, daddawa har da man shanu. Baba ya shinshina, ya ture kwanon. Washegari ma haka. A rana ta uku na zauna gabansa, na gutsuro loma da hannuna, na ce, "Baba, ci mana, don Allah."

Ya ƙura min ido, ya ja jikinsa baya har ya jingina da bango.

"Ke wace ce? Me kika sa min a ciki? Ina yarinyar nan mai ba ni abinci?"

Da sassafe na hau motar Nasko don in ba matar yayana haƙuri, kunya kamar ta kashe ni. Ta dawo, Allah ya saka mata da alheri, ko kallon banza ba ta yi min ba. Baba ya ci daga hannunta har ya koma ga Allah. Daga nawa kuwa ko ruwa bai sake karɓa ba.