Mai Hanci da Akwatin Bango

Kafin ya kwance kowace na'ura, sai ya kai ta hancinsa. Rediyo ce ko talabijin, zai lumshe ido ya shinshina bayanta, sannan ya ɗauki sukundireba. Shi ya sa 'yan layin suke ce masa Mai Hanci. Da wari yake gane inda wuta ta ci.

Shagonsa ɗaki ne a bakin gidansa, tebur ɗaya da gwangwanaye cike da ƙananan kaya. A cikinsu akwai wani ɗan faifai shuɗi kamar maɓallin riga, mai ƙafafun waya biyu. Masu sana'ar suna ce masa baristo, shi kuwa mai gadi yake kiransa. Idan wutar lantarki tana tafiya daidai, ba ruwansa. Ran da ta yi ƙarfi fiye da kima, shi zai janye ta kansa, ya ƙone, fis ya yanke, na'ura ta tsira.

Da ciwon huhu ya kwantar da matarsa, aka kawo injin da ke ba ta iska ta hanci. Injin shi kaɗai ne, babu na biyu. Mai Hanci ya haɗa ɗan akwati a bango kusa da gadonta, ya sa mai gadi da fis a ciki, ya jona injin. A lokacin, hawan jini ya riga ya taɓa masa hannun dama, yana rawa.

Wata rana da yamma yana shago, sai ƙwan fitila ya yi wani irin haske, fanka ta kama gudu kamar za ta tsinke. Wani abu ya fashe a maƙwabta, wata mata ta kwarma ihu. Kafin ya kai ƙofar ɗaki, warin ya tare shi. Gurnanin injin da kunnensa ya saba da shi ya ɗauke.

"Baba, injin Inna ya mutu!" in ji 'yarsa, tana riƙe da kan uwar.

Ya durƙusa ya shinshina injin, ya shinshina akwatin. "Bai mutu ba, uwata. Mai gadi ne ya tafi."

Wutar ta ɗan lafa, amma ƙwan yana ta ƙyaftawa.

"To mu jona shi a bango kawai!"

"In ta sake tasowa fa? Ina za mu samo wani?"

"Baba, dubi bakinta!"

Ya duba. Leɓɓanta sun fara duhu, ƙirjinta yana ɗagawa kamar mai hawan dutse. Ya ɗauko sabon mai gadi da fis, ya jona ƙarfen narka dalma. Bai taɓa sanin ƙarfen nan yana daɗewa haka kafin ya yi zafi ba.

Matar ta buɗe ido. "Tsoho... in ka gama... shinshine-shinshen... ina jira."

Bai iya dariya ba. Ya kai ƙarfen kan wayar, hannun ya kauce, dalma ta ɗiga a ƙasa. Ya sake, ya ƙona yatsa. 'Yar ta miƙa hannu ga filogin injin tana kuka.

"Kada ki taɓa," ya ce. "Zo ki riƙe mini wuyan hannu. Da ƙarfi."

Ta riƙe. Ƙafa ɗaya ta mai gadin ta kama, ta biyu ta kama. Ya sa fis, ya jona. Injin ya yi tari, ya koma gurnaninsa. Ba su gama sauke numfashi ba sai ƙwan ya sake yin fari fat, akwatin ya yi ɗan zuu, sannan komai ya daidaita. 'Yar ta dubi soket ɗin bangon da ta so ta jona injin kai tsaye.

Washegari ya fara haɗa akwati na biyu, don in ɗaya ya ƙone a sauya kawai. Hannun bai ba shi haɗin kai ba, kuma ba ya son yawan kiran 'yarsa. Kullum sai ya ce gobe, har Allah ya karɓi ransa.

Matar tana nan, injin yana gurnani. Akwati na biyun kuwa yana kan teburinsa yadda ya bar shi, ƙafa ɗaya ta mai gadi a liƙe, ɗayar a sake. Idan hadari ya taso, 'yar takan shiga shagon ta tsaya tana kallon akwatin.